Windows Server ko Linux? Tambayoyi da amsoshi kan sabar ofis a karkarar Jigawa da Kano

Yawancin masu yi mini waɗannan tambayoyi ba injiniyoyi ba ne. Akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko shugaban makarantar sakandare, ko jami'in lafiya da aka damƙa wa ɗakin kwamfuta aka ce ya kula, ko sakataren ƙungiyar manoman shinkafa. Daga Ringim, Gumel da Haɗejia zuwa Ɗambatta da Gaya, damuwar kusan ɗaya ce: ana son na'urar da za a kunna ta yi aiki, ba wadda kullum sai an kira mai gyara daga Dutse ko Kano ba. Na tattara tambayoyin yadda ake yin su.

Malam, mece ce saba, kuma ofis mai kwamfuta takwas yana bukatarta?

Saba kwamfuta ce da aka keɓe don ta yi wa sauran hidima: ita ke riƙe fayilolin ofis, ko rumbun bayanan marasa lafiya, ko lissafin albashi, sauran kwamfutoci kuma su riƙa ɗauka daga gare ta ta waya. Idan a ofishinku har yanzu filash ke yawo daga tebur zuwa tebur, kuma ana samun takarda ɗaya kashi uku ba a san wacce ce ta ƙarshe ba, to kuna bukatarta.

Wasu suna ɗaukar kwamfutar wani ma'aikaci mai Windows 10 ko 11 su buɗe folda a kai. Yana aiki, amma lasisin Windows ta tebur ya taƙaita haɗuwa ga na'urori 20 a lokaci guda, kuma duk ranar da mai kwamfutar ya kashe ta ya tafi masallaci, ofis ya tsaya. Ga shi kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

To wace babbar manhaja ce ta fi ƙarko, wadda ba ta daskarewa?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma amsar da ake so ita ce suna ɗaya. Gaskiyar magana, in aka ɗora Windows Server ta asali ko Debian ko Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, a kan lafiyayyar na'ura mai tsayayyiyar wuta, kowace za ta yi watanni ba ta yi tari ba. Zamanin da Windows ke faɗuwa a kai a kai da shuɗin allo ya wuce tun tuni, kuma wanda ya ce maka Linux ba ta taɓa faɗuwa bai daɗe da ita ba.

Bambancin yana wani waje. Na farko, yawan sake kunnawa. Microsoft na fitar da sabuntawarta ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma galibi sai an sake kunna saba kafin gyaran ya kama. A Linux yawancin sabuntawa na shiga ba tare da an kashe na'urar ba, sai in an taɓa zuciyar manhajar ne ake bukatar sake kunnawa. A birni wannan ƙaramin abu ne. A wajenmu kuwa babba ne, domin mafi hatsarin lokaci ga saba shi ne lokacin da take tsakiyar shigar da sabuntawa a ɗauke wuta. Windows na iya ɗaukar rabin awa ko fiye tana wannan aiki a kan tsohuwar na'ura, allon yana cewa kada a kashe, alhali ba kai ke da iko da wutar ba.

Na biyu, abin da ake lafta mata. Saboda Windows Server ta yi kama da Windows ɗin da kowa ya sani, sai ta zama kwamfutar kowa: wannan ya zo duba sakamakon jarrabawa, wancan ya soka filash zai buga takardar ɗaurin aure. Sabar Linux marar hotuna, wadda baƙin allo da rubutu kawai ke kanta, ba wanda ke sha'awar zama a gabanta, kuma wannan kaɗai kariya ce. Windows ma tana da irin wannan zubi, wato Server Core, sai dai ba kasafai ake girka shi a nan ba.

Ra'ayina, ba ɓoye-ɓoye: in aikin ajiye fayil ne, ko rumbun bayanai, ko shafin cikin gida, Debian ko Ubuntu LTS, wato zubinta mai dogon tallafi, zan zaɓa. Amma da sharaɗin akwai wanda ya iya ta a kusa, kuma zan dawo kan wannan.

Gudu fa? An ce Linux ta fi sauri.

Ta fi sauƙin nauyi, wannan haka ne. Debian marar hotuna takan zauna a cikin megabait ɗari 'yan kaɗan na RAM. Windows Server 2022 mai hotuna kuwa, mafi ƙarancin da Microsoft ta ƙayyade mata gigabait 2 ne da faifan gigabait 32, kuma wanda ya tsaya a nan zai sha wahala. A aikace sai an kai 8 zuwa sama. Saboda haka a kan tsohuwar na'ura, Linux za ta bar wa aikinku sarari fiye da Windows.

Sai dai in ma'aikata suna kukan saba na jan ƙafa, da wuya laifin ya zama na babbar manhaja. A fara duba faifai: canja faifai mai juyawa zuwa SSD yana kawo saurin da babu wata manhaja da za ta kawo. Sannan a duba akwatin da ke haɗa wayoyin. Tsohon akwati mai megabit 100 ba ya wuce kamar megabait 11 zuwa 12 a daƙiƙa, mai gigabit kuwa yana kai wa kusan 110. Fayil mai gigabait 1 zai ci minti ɗaya da rabi a kan na farko, daƙiƙa goma a kan na biyu, ko da wace manhaja ce a kan sabar. Waya ɗaya da ɓera ya ciza ko aka ɗaure bakinta ba daidai ba tana iya mayar da layin gigabit ya koma 100 ba wanda ya sani.

Ranka ya daɗe, sola muke amfani da ita. Wace saba ce batirinmu zai iya ɗauka?

Nan ne ya kamata lissafi ya fara, tun kafin a yi maganar Windows ko Linux. Manyan sabobi na hannu irin Dell PowerEdge da HP ProLiant da ake samu a kasuwannin Kano suna da ban sha'awa, kuma kuɗinsu ya faɗi. Amma an ƙera su ne don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa.

A ce saba tana jan wat 150. A awa 24 ta sha wat-awa 3,600. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe wat-awa 2,400 a rubuce, kuma in irin na dalma ne, rabin wannan kawai ya kamata a taɓa in ana son ya yi rai, wato 1,200. Wannan saba za ta cinye shi a cikin awa 8, tun ba a cire abin da inbata ke ɓatarwa ba. Ƙaramar kwamfuta irin wadda ba ta fi girman littafi ba, mai jan wat 20, za ta sha wat-awa 480 ne kawai a yini da kwana, batirin nan zai riƙe ta kwana biyu da ɗoriya ko da hadari ya rufe rana a watan Agusta.

Ga ofis mai ma'aikata goma ko goma sha biyar, wannan ƙaramar ta isa, musamman da Linux a kanta. Abin da ake rasawa shi ne RAM mai gyara kuskure da kansa, wato ECC, da gurbin faifai da yawa, da na'urar wuta ta biyu. Asibiti babba mai rumbun bayanai da ake shiga dare da rana yana iya bukatar waɗannan, amma sai a saya masa tare da batirin da zai ɗauke su a kasafi ɗaya.

In wuta ta yanke kwatsam, wacce ta fi tsira da fayiloli?

NTFS na Windows da ext4 na Linux duka suna rubuta abin da za su yi a wani ɗan kundi kafin su yi shi, don haka in an dawo da wuta sukan daidaita kansu. Amma a fahimta: tsarin faifan suke karewa, ba lallai abin da ke cikin fayil ɗin da ake tsakiyar rubutawa ba. Rumbun bayanai irin PostgreSQL da SQL Server suna da nasu kundin kuma sukan farfaɗo. Waɗanda suka fi lalacewa su ne ƙananan manhajojin lissafi masu ajiye komai a fayil guda, irin na Access.

Akwai ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro, ana samunsa yau a TrueNAS da Proxmox da Ubuntu. Yana sa wa kowane guntun bayani hatimi, ta yadda in wani waje ya ruɓe zai gane, in kuma akwai faifai na biyu ya gyara. Ina son sa ƙwarai, sai dai yana son RAM.

Maganin gaske shi ne UPS mai wayar USB da ke shiga sabar, don in batir ya yi ƙasa ya gaya mata ta kashe kanta cikin natsuwa. A Linux manhajar NUT ko apcupsd ke wannan aiki, a Windows kuma manhajar da ta zo da UPS ɗin. Mutane da yawa sun sayi UPS amma wayar nan tana cikin kwali har yau. A kuma shiga BIOS, wato saitin da ake shiga a farkon kunna kwamfuta, a saita na'urar ta kunna kanta in wuta ta dawo, sannan a canja ɗan batirin agogo, CR2032, in ya tsufa. Sabar da agogonta ya ɓace takan hana mutane shiga, domin Active Directory, tsarin Windows mai riƙe sunaye da kalmomin sirrin ma'aikata, ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin saba da kwamfutar ma'aikaci.

Manhajar lissafinmu a Windows kawai take aiki. Mu jefar da ita?

A'a. Aiki ne ke zaɓar manhaja. Sage 50 da yawancin zubin QuickBooks na tebur 'yan Windows ne, haka ma yawancin manhajojin da ma'aikatu ke turowa daga hedikwata da na'urorin ɗaukar hoton yatsa. In wanda ya ba ku manhajar ya ce Windows, ku bi shi, don ranar da ta lalace shi za ku kira. A ɗaya ɓangaren, DHIS2 da Jami'ar Oslo ta haɓaka, wadda Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita, a kan Linux aka fi girka ta, haka ma Moodle na makarantu.

In kuna bukatar duka biyun, ana iya raba na'ura ɗaya gida biyu da Proxmox, wanda aka gina a kan Debian, ko da Hyper-V na Microsoft. Amma wannan ƙarin ɗawainiya ne ga mai kula.

Yaron da ya girka mana ya ce Windows Server kyauta ce a wajensa.

Ba kyauta ba ce. Ana sayar da lasisinta ne bisa yawan ƙwayoyin furosesa, mafi ƙaranci 16 ga kowace saba, sannan kowane ma'aikaci ko kowace kwamfuta da za ta shiga tana bukatar nata ɗan lasisin, CAL. Akwai zubin Essentials na ƙananan ofisoshi, mutum 25 da na'ura 50, ba ya bukatar CAL, amma tare da sabuwar na'ura ake sayar da shi.

Abin da aka girka muku ɗayan biyu ne. Ko dai ta gwaji ce, mai wa'adin kwana 180, wadda bayan ya cika za ta riƙa kashe kanta kusan kowace awa. Da yawa daga cikin sabobin da ake cewa sun haukace bayan wata shida, wannan ne ciwonsu. Ko kuma jabu ce da aka fasa da wata manhaja da ba wanda ya san abin da ke cikinta. Ɗora albashin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya a kan irin wannan cin amana ne, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora wa mai riƙe da su alhaki. In babu kuɗin lasisi, babu kunya a ce babu, a girka Linux da halal ɗinta.

Da gaske bairos ba ya kama Linux?

Yana kamawa, sai dai yawancin waɗanda ke yawo a filash a ofisoshinmu, irin mai mayar da folda ta zama hoton banza, don Windows aka rubuta su. Sabar Linux za ta iya ajiye fayil mai cuta ba ta kamu ba, amma za ta miƙa shi ga na gaba.

Tarihi ya nuna kowane ɓangare na da tabonsa. A Mayun 2017 WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila, ta wata kafa a tsohon tsarin raba fayil na Windows, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka faɗa. A ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, kuma ba Windows ɗin ce ta yi kuskuren ba, baƙon da aka bai wa izinin shiga zuciyarta ne. Linux ma ta ga wata kafar tsaro mai suna Heartbleed a 2014, sannan a Maris na 2024 aka gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz, Allah ya sa kafin ta isa tsayayyun zubi irin Debian da Ubuntu LTS. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake son zubin da ba ya gaggawar ɗaukar sabon abu.

Data na da tsada, netwok kuma sai an fita bakin titi. Dole ne sabuntawa?

Dole ne, ko da sau ɗaya a wata. Ta Windows dunƙulalliya ce, takan kai ɗaruruwan megabait ko fiye. Ta Debian yawanci ƙanana ne. Ana iya sauke ta Windows daga Microsoft Update Catalog a inda netwok ke da ƙarfi, a kawo a filash mai tsabta. A yi ta da hantsi, lokacin da rana ta cika batir, ba da yamma ana shirin tashi ba.

Wace Linux ɗin? Sunayen sun yi yawa.

Biyu sun isa a duba. Debian, wadda aka kafa a 1993, ba ta kamfani ba ce, takan fito kusan duk shekara biyu kuma ana tallafa mata kimanin shekara biyar. Debian 12 ta fito a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara a 2004, tana fitar da zubin LTS a watan Afrilu duk shekara biyu da tallafin shekara biyar, 24.04 za ta kai 2029. Ubuntu ta fi yawan darussa a intanet, don haka sabon shiga zai fi samun amsa. Wanda ke da CentOS 7 ya sani ta ƙare tun ƙarshen Yunin 2024, ya koma AlmaLinux ko Rocky Linux.

Hajiya shugabar sashenmu ta ce ma'aikata ba za su iya koyon Linux ba.

Ku kwantar mata da hankali, ba su da abin koyo. Kwamfutocinsu na nan da Windows da Word da Excel. Manhajar Samba ce ke sa sabar Linux ta bayyana a gare su kamar kowace folda, kuma tun 2012 tana iya riƙe sunaye da kalmomin sirri na dukkan ofis kamar Active Directory.

Tamu takan kashe kanta da rana a watan Afrilu.

Zafi ne. Yawancin sabobi an ƙera su ne don iskar da ba ta wuce maki 35 ba, mu kuwa da bazara muna haura 40 a waje, balle ɗaki mai rufin kwano da ƙofa a kulle. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankokin tun Janairu, zafi ya zo ya tarar da su a shaƙe. Babu babbar manhajar da ke maganin wannan. A buɗe na'urar a hure ta da bulowa a ƙarshen hunturu, a ɗaga ta daga ƙasa, a nemi ɗakin da ya fi inuwa da iska. Ɗagawar tana da wani amfanin ga garuruwan bakin Kogin Haɗejia irin Auyo da Kafin Hausa, waɗanda suka ga ambaliyar 2022. Da damina kuma tsawa ta kan bi wayar netwok da aka ja tsakanin gini da gini ta ƙona abin da ke ƙarshenta, don haka a tabbatar an binne ƙarfen wayar ƙasa yadda ya kamata.

Muna da faifai biyu masu kwafar juna. Ai mun tsira ko?

Wannan tsari, wato RAID, yana kare ku daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai. In wani ya goge folda, ko bairos ya kulle fayiloli, ko aka sace na'urar, duka biyun sun tafi tare. Rumbu biyu ne a gida ɗaya, gobara ɗaya ke cinye su. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen ginin. A wajenmu wannan na iya zama faifan waje guda biyu da ake musanyawa duk Alhamis, ɗaya ya kwana a akwatin ƙarfe a wani ginin, a kulle bayanan da kalmar sirri. Kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da fayil daga ciki, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, ba a san ko akwai shi ba.

Ɗan bautar ƙasar da ya haɗa mana komai ya gama ya tafi. Yanzu fa?

Wannan ya fi kashe sabobi a ƙananan hukumomi fiye da zafi da wuta. Matashi mai hazaka ya zo, ya girka abu mai kyau, shekara ta cika ya koma garinsu da kalmar sirri a kansa. Ko ma'aikacin da ya iya a yi masa canjin wajen aiki. Shi ya sa na ce zaɓina na Linux yana da sharaɗi. In duk wanda za ku iya kira a yankinku Windows ya sani, to Windows Server mai lasisi ta fi muku Debian da ba mai taɓa ta.

Amma masu iyawa suna ƙaruwa. Akwai ɗalibai daga cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da yawansu 'yan waɗannan garuruwa ne. Ko wa aka ɗauka, a sa shi ya rubuta a littafi: me aka girka, ina kwafin ajiya yake, yaya ake kunnawa da kashewa. Kalmomin sirri su shiga ambulan a rufe a hannun shugaban ofis, kuma ma'aikata biyu na dindindin su koyi abubuwan yau da kullum. In wanda ya tafi yana ɗaukar waya, a kira shi yau a karɓi waɗannan.

Tamu Windows Server 2012 ce kuma lafiya lau take aiki. Mu taɓa ta?

Tallafin 2012 da 2012 R2 ya ƙare a ranar 10 ga Oktoba, 2023, ma'ana duk kafar da aka gano bayan nan a buɗe take. Ta 2016 za ta ƙare a Janairun 2027, ta 2019 a Janairun 2029, ta 2022 a Oktoban 2031. In ba za a iya canja ta yanzu ba, a cire ta daga intanet gaba ɗaya, a hana soka mata filash, a kashe tsohon tsarin raba fayil na SMB1, a ɗauki cikakken kwafi. Sannan a samu wata kwamfuta da ba a amfani da ita a girka sabuwar manhajar, ko Windows ta gwaji ko Debian, a zuba mata kwafin bayanan, a bar ma'aikata biyu ko uku su yi aiki da ita na wasu makonni, har da ranakun da wuta ke wasa. In ta riƙe, a zaɓi ranar Asabar a yi ƙaura, a kuma ajiye tsohuwar a kashe na wata guda kafin a goge ta.